Magini da Almakashin Matarsa

Hao Genwang yana da shekara sittin da shida a duniya ranar da ya fara ɗaukar almakashi da niyyar yanka wani abu ban da farcen ƙafarsa. Kafin wannan rana, daga ƙauyensu na Haojiawa har ƙauyukan da suka bi kwarin zuwa bakin kogi, magini aka san shi. Duk wanda ya haƙa ɗaki a jikin tudu, Genwang yake kira ya ɗaure masa fuskar ɗakin da dutse, ya tayar da bakan ƙofa, ya bar gurbin taga. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana wannan aiki, har tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru, babban yatsansa na hagu kuma ya baje don yawan shan guduma.

Almakashin na matarsa ne, Dang Gailian, a dalilinsa ma ya same ta. Lokacin da ake nema masa aure, uwarsa ta taka har ƙauyen su Gailian, tafiyar rabin yini, ta tsaya a tsakar gidansu. Sabuwar shekara ba ta daɗe da wucewa ba, kowane gurbi na tagar yana ɗauke da furensa na jar takarda: ga damisa, ga rumman a fashe, ga zakara ya ɗaga ƙafa ɗaya. Tsohuwar ta ƙare wa tagar kallo, ta sha ruwan zafin da aka kawo mata, ta juyo gida.

"Na gano maka mata," in ji ta. "Hannun da ya yanka zakaran nan ba zai bar ka da yagaggen wando ba."

"Inna, to ita yarinyar fa? Kyakkyawa ce?"

"Af. Ban duba ba."

A hannun kakarta ta wajen uwa Gailian ta gaji yankan furen taga, kuma tare da almakashin ta gaji wani tsohon littafin karatun yara da ya kumbura har ba ya rufuwa. A tsakanin shafukansa akwai baƙaƙen takardu sama da ɗari biyu, kowace da farin hoto a tsakiya. In kakar ta yanka fure ya yi mata kyau, sai ta ɗora shi a kan farar takarda mai ɗan laima, ta kara a hayaƙin fitila har ta yi baƙi, ta ɗaga furen, siffarsa ta zauna. A shekarun da ake bi gida-gida ana ƙona kayan dā, cikin takardun awon takalma tsohuwar ta cusa su, suka tsira.

Genwang ya zauna da wannan mata shekara arba'in da uku, guntayen jar takarda suna shiga masa takalmi, suna maƙale masa a gemu, wani lokaci har cikin kunun gero, amma bai taɓa tsayawa ya dubi abin da take yi ba. Aikin mata ne, kamar ɗinkin takalmi. Sau ɗaya kawai ya taɓa littafin, a shekarar aurensu ta biyu, da ya rasa takardar naɗa taba ya zari guda ɗaya daga ciki. Kwana tara ba ta yi masa magana ba, kuma kwana taran nan taliyarsa ba ta ga gishiri ba. Daga baya, da mutanen ofishin al'adu na gunduma suka zo suka rubuta sunanta cikin magada sana'o'in gargajiya, suka ba ta takardar shaida ta rataya a bango, ya ji daɗi. Yakan raka ta birni in an kira ta, ya riƙe mata jaka, ya tsuguna a ƙofar zauren yana shan taba har ta gama.

Ciwon ya same ta lokacin girbin gero. Suna sussuka a masussuka ya ga sandar ta suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, ta zauna a ƙasa, ba ta tashi ba. 'Yarsu ɗaya, Yanni, wadda ke da kantin magani a birni, ta zo da mota aka kai ta asibiti. Bayan wata guda aka dawo da ita gida. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Magana ta dawo a hankali, da nauyi, kamar mai tauna dankali da zafi. Ƙafar ma ta ɗan dawo. Hannun ne ya ƙi. Tana zaune a kan gadon ƙasa, irin wanda ake hura wa wuta ta ƙarƙashi don ɗumi, hannun yana kwance a cinyarta kamar na aro, ita kuma ta juya fuska bango. Genwang ya ajiye guduma, ya koyi hura wutar gado, da dama kunu, da taje mata gashi.

Da sabuwar shekara ta gabato, ya ɓalle tsohuwar takardar tagar ya manna sabuwa fara sol, kamar yadda ake yi kullum. Gurbi talatin da shida, babu fure ko ɗaya. Yanni ta kawo masa na kasuwa, waɗanda inji ya yanka a jar leda mai sheƙi.

"Baba, manna waɗannan. Duk birni su ake sawa yanzu. Kada Mama ta tashi ta ga taga tsirara."

Ya manna. Gailian ta wuni tana kallonsu. Sai da la'asar, yana yanka kabeji, ya ji ta ce, "Zakaran can."

"Me ya same shi?"

"Bai taɓa cara ba. Dubi wuyansa. Matacce ne."

Genwang ya gaji a ranar. Ya wanke mata kaya da ruwa mai ƙanƙara, bayansa yana ciwo. Bakinsa ya riga hankalinsa. "To ki yanka naki mana."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta sa hannun hagu ta ɗauki na daman, ta gyara masa kwanciya a cinya, ta koma kallon bango. Ya ci gaba da yanka kabejin har ya yi laushi ya wuce amfani.

Washegari da hantsi ya ciro kwandon aikinta daga kan akwati, ya zauna a bakin gadon, ya ɗauki almakashi da jar takarda.

"Uwar Yanni, faɗa mini ta ina ake fara zakara."

"Ajiye mini almakashina."

"Ta baki ko ta jela?"

Ta kau da kai. Ya soka almakashin a tsakiyar takardar kamar mai soke buhu, ta yage gida biyu. Ya ɗauki wata. Da ya yaga ta uku, Gailian ta kasa daurewa.

"Kai! Tsohon banza, dutse ne? Sassauta hannu. Takarda ake juyawa, ba almakashi ba. Almakashi tsaye yake, buɗewa kawai yake yana rufewa. Kuma wa ya ce maka da zakara ake farawa?"

Tun da aka dawo da ita daga asibiti ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. Ya sunkuyar da kai kada ta ga fuskarsa, ya ɗauki takarda ta huɗu.

A wannan shekara furanni biyar kawai suka hau tagar, kuma har yau ba a daidaita ba a kan ko na tsakiyan damisa ne ko alade. Amma bayan bikin bai mayar da kwandon ba. Ta sa shi ya koma inda kakarta ta fara da ita tana 'yar shekara shida: haƙoran zarto da jinjirin wata. Haƙoran zarto su ne gashin dabba da bakin ganye, jinjirin wata shi ne ido da ninkin riga. Ya yi wata biyu ba ya yanka komai sai su, a tsofaffin jaridu, don ta ce jar takarda ta fi ƙarfinsa. Matsalarsa ita ce yatsun ba sa jin takardar, kanta ta kashe su. Ta ce ya riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi kowace safiya, ya shafa kitsen rago.

A haka Feng Haiwa ya same shi wata safiya. Feng maƙwabcinsa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare suka fasa dutse suna samari, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba.

"Tabɗi! Amarya ana gyaran jiki? Yaushe za a kai ki?"

"Wuce ka ba ni wuri, Haiwa."

"In kawo miki jan-baki daga kasuwa? Matar yaya, kin ji abin da kika mayar da mutumin nan? Mutumin da ya ɗaga dutsen niƙa shi kaɗai!"

"Ka bar shi," in ji Gailian daga ciki. "Da guduma shekara arba'in yana dukan yatsansa. Yanzu dai ya samu abin da ba ya rama masa."

Kafin azahar labari ya kai gindin bishiyar da tsofaffi ke zama. Kwana da kwanaki in Genwang ya wuce sai wani ya ɗaga yatsu biyu yana buɗewa yana rufewa. Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Akwai ranar da ya dawo ya tura kwandon ƙarƙashin tebur, ya ce shi ya gama. Gailian ba ta roƙe shi ba. Ta ce, "Daidai ne. Dā ma hannunka bai yi ba." Bayan kwana biyu ya jawo kwandon.

Inda abin ya fara buɗe masa shi ne ranar da ta ba shi kifi da furen bado daga cikin littafin. Ya yanka a hankali, ya buɗe ninkin, sai idon kifin ya faɗo ƙasa, ya bar rami.

"Ka yanke masa gada," in ji ta. "Komai a jikin wani yake riƙe. Ido yana riƙe da kai, kai yana riƙe da ganye, ganye yana riƙe da baki. Kafin ka cire wuri, ka duba me ke rataye a kansa."

Genwang ya daɗe yana juya takardar. Wannan ya sani. Duk wanda ya taɓa tayar da bakan ƙofa ya san babu dutsen da ke tsaye da ƙafarsa, kowanne jingine yake da na kusa da shi. Daga ranar ya daina kallon abin da zai cire, ya koma kallon abin da zai bari. Ya kuma fara buɗe littafin shi kaɗai, in ta yi barcin rana. Ya gane hannun kakar dabam, mai kauri, dabbobinta duk manyan kawuna gare su. Ya gane na Gailian, siriri, mai son cika wuri. Ya ga wata akuya da ya tabbata tasu ce, mai karyayyen ƙaho, wadda suka sayar shekarar da aka haifi Yanni. Duk wannan a ɗakinsa aka yi shi, a gaban idonsa, yana gefe yana kankare laka daga takalmi.

A bazara ta biyu Feng Haiwa ya shigo gidan ba tare da ba'a ba, abin da ya sa Genwang ya ɗauka rasuwa aka yi. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Jikarsa ce za ta yi aure. A birni take aiki, a birni za su zauna, amma ta ce a ɗakin kakanta take so a yi bikin, kuma tana son babban furen rufi irin wanda ta gani a hoton auren iyayenta.

"Matar yaya, ke kika yanka na ɗana, ke kika yanka na 'yata. Marigayiya matata ta ce na yarinyar nan ma ke za ki yi. Na san yadda abin yake. Na zo ne dai kada a ce ban zo ba."

Gailian ta nuna Genwang da haɓa. "Ga amaryarka nan. Tambaye ta."

Feng ya dubi abokinsa, ya dubi ƙasa. "Yaya Genwang, ka san bakina."

"Na san shi. Shekara sittin ina jin warinsa. Yaushe ne bikin?"

Furen rufi, wanda ake mannawa a saman ɗakin amarya, faɗinsa ya kai tabarma, zagayayye, a ninke gida takwas ake yanka shi. Gailian ta zana masa da hannun hagu, layin yana rawa, shi kuma ya bi da allura da zare ya ɗinke ninkin kada ya goce. Da farko suka gwada aiki tare, ita ta riƙe takardar tana juyawa, shi yana buɗe almakashi. Ba su yi rabin awa ba suka yi faɗan da maƙwabta suka leƙo. Ta ce yana sauri, ya ce tana juyawa ba ta faɗa. Suka haƙura, ta koma zama kusa da shi tana kallo, in ya nufi wuri mai haɗari sai ta yi gyaran murya.

Kwana goma sha bakwai ya yi. A na sha biyar, Gailian ta fita tsakar gida shan rana, shi kuma ya ga saura kaɗan ya ƙi jira. Almakashi ya zarce. Da ya leƙa cikin ninkin ya ga ya yanke reshen da ke riƙe da tsuntsaye, kuma tunda ninki takwas ne, sau takwas ya yanke shi. Ya ajiye almakashin. Da ta dogara sanda ta shigo, bai ɓoye ba, ya miƙa mata.

Ta duba, ta duba. Yana jiran zagi.

"Buɗe littafin," in ji ta. "Wajen ƙarshe. Ɓera mai cin kabewa."

Ya buɗe.

"Dubi jelarsa da kyau. Ka ga inda ta yi kauri? Kakata ce ta yanke ta, ta liƙa wata ta baya. Ni na gan ta da idona, ta ce in na faɗa wa wani za ta yanke mini kunne. Dama talgen fulawa, mai ruwa-ruwa. Ka yanko ganye takwas ƙanana, ka ɗora a kan kowane rauni. Wanda ke kwance a ɗakin amarya ba ganye yake ƙirgawa ba."

Ranar bikin, masu algaita suna busa, ana ta rabon wainar gero, aka ɗauko Gailian a kujera aka kai ta ɗakin. Mata sun cika shi, kowa ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ta ce, "Gailian, ashe hannun ya dawo?" Gailian ta ce, "Nawa ya fi wannan tsabta. Na tsohon ne." Genwang yana waje tare da maza, amma ya ji. Feng ya cika masa ƙoƙon giya har ya zuba, ya ɗaga nasa da hannu biyu, wanda a wajen Feng babbar magana ce.

Ba a daɗe ba Malama Shang ta ofishin al'adu ta zo, mace mai kirki wadda ta san gidan tun tana sabuwar ma'aikaciya. Ta zo da takarda. Ana son kowane magaji ya rubuta wanda zai gaje shi. Gailian ta koyar da 'yan mata da yawa a shekarun baya, amma duk sun tafi birane, wasu ma ba a san inda suke ba. Yanni kuwa tun tana ƙarama ta ce takarda tana sa ta atishawa.

"Rubuta Hao Genwang," in ji Gailian.

Malama Shang ta yi dariya, ta ga ba wasa ake ba, ta daina. "Gwaggo, shekararsa nawa?"

"Sittin da takwas."

"Ai ya girme ki da uku. Abin da ake nufi, wanda zai riƙe sana'ar bayan... wato, mai sauran shekaru a gaba."

"To ni shi na samu."

Malama Shang ta ce za ta kai maganar sama. Ta kai, aka ce ba a taɓa yin haka ba, gurbin ya zauna babu suna. Gailian ta yi kwana biyu tana mita. Genwang bai damu ba, don a lokacin hankalinsa yana kan wani abu da yake yi a ɓoye.

Fuskar ɗaki yake yankawa. Bakan ƙofa da duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya, da jaki ɗauke da kaya, da mutane biyu sun saɓa sanda da dutse a rataye, da wani a sama yana saka dutsen tsakiya. Babu irinsa a littafin. Da ya gama ya shimfiɗa mata a kan bargo.

"Mene ne wannan?"

"Aikinmu ne. Ranar rufe baka."

"Wannan ba furen taga ba ne. Ina albarkarsa? Kifi wadata ne, rumman 'ya'ya ne, damisa tana tsare gida. Wa zai manna gardawa masu gumi a tagarsa ranar sabuwar shekara?"

"Ba don gardawan nan ba, a jikin me za ki manna kifin naki?"

"Kwashe abinka."

Ya kwashe, ya sa a ƙarƙashin tabarma, ransa a ɓace. Suka yi kwana uku maganarsu ba ta wuce ta abinci da magani ba. A na huɗu, da safe, ta ce ya ɗauko. Ta sa ya ɗaga shi a hasken taga, ta daɗe tana bin sa da ido.

"Jakin ya yi," in ji ta. "Ya gaji, ana gani a kunnensa. Na saman nan kuwa mummuna ne, kai ne ko?"

"Ni ne."

"Na gane. Kunna fitilar kananzir. Samo farar takarda ka yayyafa mata ruwa."

Ya tsaya yana kallonta.

"Me kake kallo? In ba a kara shi a hayaƙi ba, bana zai yage, baɗi babu shi. Akwai wuri a bayan littafin."

Gailian ta rayu shekara biyar bayan ciwon. Ta rasu a farkon bazara, da rana tsaka, Yanni tana riƙe da hannunta mai lafiya, Genwang yana riƙe da ɗayan. Shi da kansa ya yanka farar takardar shekaru da ake ratayawa a ƙofar gida, falle ɗaya ga kowace shekara, bai yarda kowa ya taya shi ba. Bayan an gama zaman makoki Yanni ta ce ya biyo ta birni. Ya ce zai riƙa zuwa in sanyi ya yi tsanani, amma ba yanzu ba. Kwandon ya koma kan akwati. Wata shida bai taɓa shi ba. Ba wai ya yanke shawara ba ne. In ya zauna zai yanka sai ya tsinci kansa yana jiran gyaran muryarta, sai ya tashi ya fita duba gonar tuffa.

A kakar wannan shekara ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Kwana goma sha ɗaya ana yi, ba da ƙarfi ba, amma ba hutu. Magarya ta fara fashewa a kan itace, gero ya kwanta, mutane suna kwana da ido ɗaya a kan rufin ɗakunansu. Ran na sha biyu da hantsi, tsofaffin mata uku suka shigo gidansa da buhunan taki a ka, suna ɗigar ruwa. Babbarsu, Gwaggo Lu, ta haura tamanin da biyar.

"Genwang, a yanka mana mai sharar sama."

Ya san ta. 'Yar mace ce ta takarda da tsintsiya a hannu, ana rataye ta a bakin rufi ta share gajimare. Yana yaro ya ga an yi, ya kuma ga Gailian ta yi sau biyu ko uku. Amma ba ta taɓa koya masa ba, kuma babu ita a littafin, don ba a ajiye ta, a cikin ruwa ake barin ta har ta narke.

"Gwaggo, ban iya ba. Ba ta nuna mini ba."

"To wa za mu tambaya? Kai ka rage. Mu mun san kamarta, kai kana da hannu."

Ya sauko da kwandon, ya hure ƙurar. Matan suka kewaye shi a kan gado, nan take gardama ta kaure. Ɗaya ta ce tsintsiyar a hannun dama take, ɗaya ta ce hagu. Gwaggo Lu ta ce a garinsu biyu take riƙewa, kuma dole a yi mata tukku biyu da faffaɗan siket, kada a yi mata ƙananan ƙafafu, don mai shara tana bukatar tsayuwa. Suka yi ta yi a kansa, wannan ta ce wuyan ya yi tsawo, waccan ta ce ya sassauta, har ya ji kunnensa ya cika. Ya lura hannunsa bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya ba ta tsintsiya biyu don a zauna lafiya. Ya ɗaura ta a karan dawa, ya taka tsani a cikin ruwan, ya soke ta a saman bakan ƙofarsa. Matan suka tsaya a ƙasa suka yi mata 'yar waƙar da suka tuna, rabi da rabi, kowace da nata baitin.

Aka ƙara kwana biyu ana ruwa. A na uku gari ya waye tas.

Feng Haiwa ya leƙo ta kan katanga da kwando a kafaɗa. "Kada ka fara hura hanci. Tun ranar Litinin wayar jikata ta ce yau zai ɗauke."

"Na ce ni na ɗauke shi?"

"Gwaggo Lu tana can tana faɗa wa duniya. Ta ce a ƙauyen gaba ma suna son a yanka musu ta ajiya."

"Ba a ajiye ta. In sun so su zo su koya."

"Wa zai zo? Duk tsofaffi ne."

"To su zo da tsufansu."

Ya shiga ya sako takalmin roba, ya ɗauki nasa kwandon. Hanyar gona duk taɓo ce, suka bi gefe a hankali, Feng a gaba yana ƙorafin gwiwarsa. Tuffa da yawa sun zube, amma na kan itace sun fi yawa, kuma in aka samu rana uku a jere za a tsinke su.